Ƙwayar Tazarar Haihuwa: Shirunmu Ya Fi Ta Haɗari



Akwai wata magana da aka daɗe ana yin ta a bakin rijiya, da wurin niƙa, da kan hanyar dawowa daga taron Zumuntar Mata, amma har yau ba a ba ta izinin shiga majami'a ba. Maganar ƙwayar tazarar haihuwa ce. In ma ta shiga, sai dai a bakin mai wa'azi, ya jera ta tare da zina da zubar da ciki, ya wuce abinsa. To, bari in faɗi abin da wasu ba za su so ji ba: matanmu suna shan wannan ƙwaya. Matan mawaƙa suna sha, matan dattawa suna sha, har a gidajen ma'aikatan Ubangiji ana sha. Tsawatawarmu ba ta hana su ba. Abin da ta yi kawai shi ne ta koya musu sha a ɓoye, kuma babu hanyar shan wannan magani da ta kai ta ɓoye haɗari.

Ku dubi yadda abin ke faruwa a ƙauyukanmu. Mace ta haihu huɗu cikin shekara shida, jikinta ya gaji, ba ta da wanda za ta gaya wa. Ranar kasuwa sai ta ba wata ƙawarta kuɗi ta sayo mata a kemis, ko a hannun mai tallan magani da ya shanya kayansa cikin rana. Ba wanda ya auna mata jini. Ba wanda ya tambaye ta shekarunta, ko tana shayarwa, ko tana shan wani magani. Ta ɓoye katin a ƙarƙashin katifa, ranar da maigida ke ɗaki ta tsallake, ranar da baya nan ta haɗa biyu ko uku. In kanta ya fara sarawa ko ƙafarta ta kumbura, ba za ta faɗa ba, domin faɗin ciwon zai tona asirin maganin. Wa ya kai ta wannan hali? Mu ne, da muka mai da tambaya abin kunya.

Mece ce wannan ƙwaya?

An fara ba da izinin amfani da ita domin hana ɗaukar ciki a Amurka a shekarar 1960. Iri biyu ce. Akwai mai haɗe da sinadari biyu, istirojin da furojestin, irin su Microgynon da Combination 3, wadda ita aka fi samu a kemis. Akwai kuma mai furojestin kaɗai, irin su Microlut, wadda ake ba masu shayarwa. Sinadaran nan kwaikwayo ne na waɗanda Allah ya riga ya sa a jikin mace. Babban aikin mai sinadari biyu shi ne ta hana jiki sakin ƙwai, ta kuma sa majinar bakin mahaifa ta yi kauri yadda maniyyi ba zai wuce ba. In babu ƙwai, babu ciki. Idan kuwa ciki ya riga ya zauna, ƙwayar ba ta zubar da shi. Saboda haka mai wa'azin da ke kiran ta maganin zubar da ciki yana ba da shaidar da ba gaskiya ba ce, ko da niyyarsa mai kyau ce.

Ƙwayoyin farko suna da ƙarfi ƙwarai, wasu na ɗauke da istirojin har maikirogiram 150. Na yanzu yawanci 20 ne zuwa 35. Idan ana shan ta daidai kowace rana, cikin mata 100 ba a samun ko ɗaya cikakkiya da ke ɗaukar ciki a shekara. Amma a yadda mutane ke sha, da mantuwa da tsallake, wajen mata 7 cikin 100 ke ɗauka. Ku lura da wannan tazara, domin mai sha a ɓoye ita ce ta fi kowa tsallakewa.

Illolinta gaskiya ne

Ba zan yi wa kowa ƙarya in ce ƙwayar nan alewa ce ba. Magani ne, kuma kowane magani yana da illa. A watanni biyu ko uku na farko mace na iya jin tashin zuciya, ciwon kai kaɗan, nauyin nono, ɗigon jini tsakanin al'ada da al'ada, ko canjin hali. Yawanci waɗannan kan wuce da kansu. Shan ƙwayar da dare bayan cin tuwo yakan rage tashin zuciya. In kuwa ba su wuce ba, ma'aikaciyar lafiya na iya canza mata wata. Matar da aka yi wa wannan bayani tun farko ba ta firgita. Wadda ba a yi wa ba, da ta ga ɗigon jini sai ta jefar da katin, bayan wata biyu ga ciki.

Akwai kuma illa babba, wadda ba ta da yawa amma tana kisa: daskarewar jini a jijiya. Gudan jini kan taru a ƙafa, ya ɓalle ya tafi huhu. Hukumar magunguna ta Turai ta yi lissafi a 2013 cewa cikin mata 10,000 da ba sa shan ƙwayar kuma ba su da ciki, wajen 2 ke samun wannan a shekara. Cikin masu shan mai sinadari biyu kuwa, 5 zuwa 12 ne, gwargwadon irin ƙwayar. Ƙari ne na gaske, ba na musu. Amma ku ji sauran lissafin, wanda masu tsoratarwa ba sa faɗa. Hukumar magunguna ta Amurka ta ce cikin masu juna biyu 5 ne zuwa 20, cikin masu jego kuwa 40 zuwa 65. Wato ciki da jego sun fi ƙwayar jawo wannan ciwo. Duk wanda ya ce yana hana matarsa ƙwaya don tsoron lafiyarta, alhali yana sa ta kunika shekara bayan shekara, ya sake duba lissafinsa.

Waɗanda bai kamata su sha ba

Nan ne shirunmu ke yin ɓarna mafi girma. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fayyace matan da ƙwaya mai sinadari biyu ba ta dace da su ba, kuma kowace mace a ikkilisiya ya kamata ta san su kamar yadda ta san sunayen 'ya'yanta.

Na farko, mai hawan jini. Idan awo ya nuna 140/90 ko sama da haka, a nemo mata wata hanya. Idan ya kai 160/100, an hana gaba ɗaya, domin tana iya samun shanyewar ɓarin jiki ko ciwon zuciya. Hawan jini kuwa ba ya sallama. Mace na iya ɗauke da shi shekaru tana noma tana daka ba ta sani ba.

Na biyu, mai ciwon kai na ɓari ɗaya wanda kafin ya zo takan ga walƙiya ko ɗigo-ɗigon haske, ko ganinta ya dushe.

Na uku, wadda ta kai shekara 35 kuma tana shan taba.

Na huɗu, wadda ta taɓa samun daskarewar jini, ko shanyewar ɓarin jiki, ko ciwon zuciya, ko sankarar nono, ko ciwon hanta mai tsanani, ko ciwon suga da ya daɗe har ya taɓa ido ko ƙoda.

Na biyar, mai jego. Kafin mako shida da haihuwa mai shayarwa ba ta taɓa ta sam, kuma har wata shida an fi so ta yi amfani da mai furojestin kaɗai ko wata hanya.

Na shida, mai shan maganin tarin fuka da ake kira rifamfisin, ko wasu magungunan farfaɗiya. Waɗannan suna rage ƙarfin ƙwayar, sai mace ta ɗauki ciki tana tsammanin tana da kariya.

Ina tambayar ku, iyayena dattawa: wace daga cikin waɗannan tambayoyi mai tallan magani a tashar mota zai yi wa 'yarku? Awon jini bai fi minti biyu ba. Minti biyun nan ne muke hana matanmu idan muka sa su jin kunyar zuwa asibiti.

Ga kuma alamun da in mai shan ƙwaya ta gani, ta daina nan take a kai ta asibiti a ranar, ba gobe ba: ciwo da kumburi a ƙafa ɗaya, musamman sha-raɓa, ciwon ƙirji ko numfashi sama-sama, ciwon kai mai tsanani irin wanda ba ta saba ba, dushewar gani, ko nauyin baki, ko mutuwar hannu ko ƙafa, ciwon ciki mai tsanani, ko idanu su yi rawaya kamar na mai shawara. A yi addu'a, haƙiƙa, amma a yi ta a kan hanyar asibiti. Maigidan da bai san matarsa na shan magani ba, yaya zai gane waɗannan alamu cikin dare?

Yadda ake shan ta

Katin da aka fi samu yana da ƙwaya 28. Guda 21 su ne masu aiki, 7 na ƙarshe masu wani launi dabam ba su da sinadarin, a lokacinsu ne al'ada ke zuwa. Ana shan ɗaya kowace rana a lokaci ɗaya, ko maigida yana gida ko ya yi tafiya. Ba maganin da ake sha daren saduwa kaɗai ba ne, kamar yadda wasu suka ɗauka. In kati ya ƙare, a fara sabo washegari. In an fara cikin kwana 5 na farkon al'ada, kariya ta samu nan da nan. In ba haka ba, a ƙaurace ko a yi amfani da kwaroron roba na kwana 7. In an manta ɗaya, a sha da zarar an tuna, a ci gaba kamar kullum. In an manta biyu ko fiye, a sha ɗaya, a ci gaba, a kuma kiyaye na kwana 7. In an yi amai cikin awa 2 da sha, a sake shan wata. Mai furojestin kaɗai ta fi son kiyaye lokaci: in an makara fiye da awa 3, sai a kiyaye na kwana 2. A duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa a jikin kwali, a ajiye a wuri mai sanyi inda yara ba za su kai ba.

Abu biyu kuma. Ƙwayar ba ta kare kowa daga cutar ƙanjamau ko sauran cututtukan saduwa. Sannan Postinor-2 da ake saye barkatai maganin gaggawa ne, na cikin awa 72 bayan saduwa. Mai da shi abin sha kowane mako yana rikita al'ada, kuma kariyarsa ba ta kai ta ƙwayar kullum ba.

Jita-jitar da muke yaɗawa

Ana cewa ƙwayar tana taruwa a mahaifa. Ba ta taruwa. Narkewa take yi a ciki kamar kowane magani, jiki ya fitar da ita, shi ya sa ma dole a sha kullum. Ana cewa tana mai da mace juya. Ba haka ba ne. Da an daina, jiki kan koma sakin ƙwai cikin ɗan lokaci. Allura ce ke iya jinkirta dawowar haihuwa na wasu watanni, ita ma ba ta kashe ta. Rashin haihuwa sau da yawa daga ciwon sanyi ne da ba a yi maganinsa ba har ya toshe hanyar ƙwai, wani lokaci kuma matsalar daga namiji take, ko da yake mace muke ɗora wa. Game da sankara kuwa, gaskiyar tana da fuska biyu: ƙwayar tana ɗan ƙara haɗarin sankarar nono a lokacin da ake sha, haɗarin ya ragu bayan an daina, tana kuma rage haɗarin sankarar mahaifa da ta jakar ƙwai na shekaru masu yawa.

Ban raina tsoron mutanenmu ba. A 1996, lokacin annobar sanƙarau a Kano, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a binciken da ya shafi yara wajen 200, kuma 11 daga cikinsu suka mutu. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Amma mun ga kuma inda tsoro ba tare da bincike ba ya kai mu. A 2003 aka dakatar da rigakafin shan inna a Kano bisa jita-jitar cewa yana hana haihuwa, aka koma yi a 2004, kafin nan cutar ta bazu har ƙasashen da suka riga suka rabu da ita. Maganin rashin yarda shi ne tambaya a fili a gaban wanda ya sani. Raɗa a bakin rijiya ba ta taɓa warkar da kowa ba.

Me Littafi Mai Tsarki ya ce?

Za a kawo mini Farawa 1:28, inda Allah ya sa wa mutum albarkar haihuwa. Na gaskata da ita da dukan zuciyata, 'ya'ya kyauta ce daga wurin Ubangiji. Amma a ina ayar ta ce a haihu kowace shekara har uwa ta faɗi? Za a kawo Onan a Farawa 38. A karanta surar duka: laifin Onan shi ne ya ƙi ta da zuriya domin ɗan'uwansa da ya mutu, ya ci amanar gwauruwa. Me ya sa kuma ba a karanta mana 1 Timoti 5:8, inda Bulus ya yi magana mai zafi a kan wanda bai kula da iyalinsa ba? Ko 1 Bitrus 3:7, inda aka umarci maza su zauna da matansu da fahimta? Wace fahimta ce ke wurin mijin da bai san matarsa ta haura shekara 35 da hawan jini ba?

Kakanninmu ma sun san tazara. Mace takan shayar shekara biyu kafin yaye, wadda ta yi kunika kuwa har gori ake mata. Shawarar da masana na Hukumar Lafiya ta Duniya suka bayar a 2005, cewa a jira aƙalla wata 24 bayan haihuwa kafin a nemi wani ciki, ba ta yi nisa da abin da tsofaffinmu suka sani ba. Hanyar ce ta canza.

Na san ikkilisiyoyinmu ba ra'ayi ɗaya suke da shi ba. Taron bishop-bishop na Angilikan a Lambeth ya yarda da tazara tsakanin ma'aurata bisa wasu sharuɗɗa tun 1930. Paparoma Bulus na Shida kuwa, a wasiƙarsa ta 1968, ya tsaya a kan cewa 'yan Katolika su bi hanyar lura da kwanakin jikin mace. Ina girmama lamirin 'yan'uwanmu Katolika, kuma ba na kiran kowa ya saɓa wa koyarwar ikkilisiyarsa. Amma su suna zaunar da ma'aurata su koya musu hanyarsu. Mu da koyarwarmu ba ta hana ba, me muke koyarwa? Ba mu ce i ba, ba mu ce a'a ba, mun bar mata da mai kemis.

"Ai mu kaɗan ne"

Wannan ita ce hujjar da ake faɗa da murya ƙasa-ƙasa, kuma ita ce ta fi kama zukatan maza a wurarenmu. Ana cewa mu 'yan tsiraru ne a garuruwanmu, in muka rage haihuwa za mu ɓace. Na san zafin zama kaɗan, duk mun sani. Amma tun yaushe mahaifar mace ta zama filin ƙidaya? Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2020 mata wajen 82,000 suka mutu a Najeriya ta dalilin ciki da haihuwa, fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na dukan duniya. Zubar jini da jijjiga ba sa tambayar addinin mace. Ikkilisiya mai iyalai 20 in ta binne uwa ɗaya, ta yi asarar malamar makarantar Lahadi, da mai waƙa, da mai renon yara shida, kuma sau da yawa jaririn ma yakan bi ta. Ba a ƙara yawan garke ta wurin kashe uwayen tumaki. Yara biyar masu rai, masu karatu, da uwarsu a raye, sun fi amfani ga mulkin Allah bisa ga tara da aka raba wa dangi.

Wasu kuma za su ce in aka buɗe wannan magana 'yan mata za su lalace. 'Yan'uwa, 'yan matan sun riga mu sanin hanyar kemis. Mu ci gaba da koyar da tsarki kafin aure ba tare da sassauci ba. Amma hana matar aure mai 'ya'ya bakwai sani, wai don kada budurwa ta ji, hukunta marar laifi ne.

Abin da ya kamata mu yi

Iyayenmu na bangaskiya sun kawo bishara da akwatin magani a hannu ɗaya. Asibitocin Vom, Garkida, Wusasa, Evangel na Jos da Galmi a Nijar shaida ne. Ba baƙon abu nake kira a yi ba.

Kowace ikkilisiya, ko kowace gunduma, ta sayi na'urar awon hawan jini. Kuɗinta bai kai abin da muke kashewa a ankon taron shekara ba. A sa ma'aikaciyar lafiya daga cikinmu ta riƙa auna mata da maza bayan sujada sau ɗaya a wata.

Zumuntar Mata ta gayyaci nas ko ungozoma ta asibiti aƙalla sau biyu a shekara, ta yi bayanin ƙwaya, da allura, da ashanar fata, da robar mahaifa, da hanyar lura da kwanaki, da amfaninsu da illarsu duka. Zumuntar Maza ma ta zauna ta ji, domin rabin matsalar a wurinmu take.

A sa wannan darasi cikin shawarar da fasto ke ba masu shirin aure. Baba Fasto ba sai ya zama likita ba. Ya isa ya ce musu su je asibiti tare, su tambaya, ba zunubi ba ne.

Maza, ku raka matanku. A 2011 gwamnatin tarayya ta sanar da cewa kayan tazarar haihuwa kyauta ne a asibitocinta. Ko an ce ku biya kuɗin kati, ya fi kuɗin jini leda biyu sauƙi. Matar da ta ɓoye wa mijinta magani, kafin a tuhume ta, a tambayi mijin abin da ya sa ta ji tsoronsa.

Dattawa kuma, kada a sake sa mace a horo ko a yi da ita a majalisa domin an ga katin ƙwaya a jakarta. A tambaye ta ko an auna jininta.

Ku kuma 'yan'uwana mata, kada ku karɓi katin wata, kada ku ba wata naku. Abin da ya karɓi jikin maƙwabciyarki yana iya kwantar da ke. Ki je a auna ki, ki faɗi dukan magungunan da kike sha, ki koma a sake aunawa bayan wata uku, daga nan kuma kowace shekara.

Hausawa sun ce rashin sani ya fi dare duhu. Mu da muke cewa mu 'ya'yan haske ne, bai kamata a sami wannan duhu a gidajenmu ba. Ina roƙon kowane fasto da kowace shugabar Zumuntar Mata da ta karanta wannan ta kai maganar gaban majalisar ikkilisiyarsu a zama na gaba. Ubangiji ya ba mu hikima da ƙarfin hali, ya kiyaye iyayenmu mata da 'ya'yansu. Amin.